Yadda Ake Neman Lauyan da Zai Tsaya a Shari'ar Riƙon Yara Idan Aure Ya Mutu

Yawancin iyayen da ke shiga ofishin lauya saboda rikicin riƙon yara suna zuwa ne da labarin aurensu a baki: wanda ya fara cin mutunci, wanda ya ci amana, wanda danginsa suka hura wutar. Alƙalin da zai saurari ƙarar kuwa tambayarsa daban ce, domin abin da yake son ganowa shi ne a hannun wa yaron zai fi samun tsaro, tarbiyya, karatu da kwanciyar hankali. Tsakanin abin da ke cin ran uwa ko uba da abin da kotu ke son ji akwai tazara mai faɗi, kuma lauyan da ya cancanci a ɗauka shi ne wanda zai iya tsallakar da mutum wannan tazara, ko da kuwa sai ya faɗa masa abin da ba ya son ji.

Wannan ma'auni a rubuce yake. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara, wadda aka amince da ita ranar 20 ga Nuwamba 1989, ta tanadi a sashe na 3 cewa a sa maslahar yaro a sahun gaba cikin duk hukuncin da ya shafe shi. Sashe na 9 ya ba yaron da iyayensa suka rabu haƙƙin ci gaba da hulɗa da su duka biyun, sai idan hakan zai cutar da shi, sashe na 12 kuma ya ce a saurari ra'ayinsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Duk ƙasashen da ke cikin Majalisar sun tabbatar da yarjejeniyar in ban da Amurka, wadda ita ma kotunan jihohinta da maslahar yaro suke auna irin wannan ƙara.

Mataki na farko: a san doka da kotun da maganar za ta je

Kafin a tambayi sunan kowane lauya, a fara gano wace doka ce ke hukunta auren da ya mutu da yaran da aka haifa a cikinsa, domin amsar ita ce za ta nuna irin lauyan da ake buƙata. A ƙasashe da dama akwai tsarin shari'a fiye da ɗaya. A Najeriya, alal misali, auren da aka ɗaura a ƙarƙashin dokar aure ta gwamnati yana bin dokar shari'o'in aure ta 1970 ne kuma babbar kotu ke sauraronsa, alhali auren Musulunci da na gargajiya kowanne yana da kotunan da ke duba shi, sannan ga Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 wadda sai jiha ta karɓe ta kafin ta yi aiki a cikinta. A Ingila Dokar Yara ta 1989 ce ginshiƙi, a Faransa kuma akwai alƙali na musamman mai kula da al'amuran iyali. A Amurka kowace jiha da dokarta da lasisin lauyoyinta, kuma galibi kotun jihar da yaron ya zauna cikinta watanni 6 na ƙarshe ce ke da hurumin fara sauraron ƙarar.

Inda ake aiki da shari'ar Musulunci ma, mazhaba tana da tasiri a kan hadana, wato haƙƙin riƙon yaro da renonsa. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, da na mace har ta yi aure ta tare, kuma idan haƙƙin uwa ya faɗi, kamar idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba, yakan koma ga kakar yaron ta wajen uwa kafin a kai ga dangin uba. Hanafiyya sun taƙaita lokacin zuwa kimanin shekara 7 ga namiji da 9 ga mace, Shafi'iyya kuma suna ba yaro zaɓi idan ya kai shekarun wayo. Ciyarwa dai tana kan uba ko a hannun wa yaron yake. Lauyan da ya ƙware a kotun gwamnati amma bai taɓa tsayawa a gaban alƙalin shari'ar Musulunci ba zai iya tuntuɓe a kan irin waɗannan bambance-bambance, haka nan wanda ya saba da kotun Musulunci kaɗai idan aka kai shi babbar kotu.

Mataki na biyu: a tantance abin da ake nema

Kalmar riƙo tana haɗa abubuwa huɗu da kotu ke rarrabewa. Akwai wurin da yaro zai zauna yau da gobe, akwai ikon yanke manyan shawarwari a kan karatunsa da lafiyarsa da tafiye-tafiyensa, akwai ziyara ko kwanakin da zai riƙa yi da wanda ba ya zaune da shi, sannan akwai kuɗin ciyarwa. Mutum zai iya samun na farko amma ya yi tarayya da tsohon abokin zamansa a kan na biyu. Yana da kyau a zauna da takarda a rubuta abin da ake so a kan kowanne, tare da abin da za a iya haƙura da shi da wanda ba za a iya ba. Wanda ya je wa lauya da maganar "ni dai yarana nake so" bai ba shi abin da zai yi aiki da shi ba tukuna.

Mataki na uku: a tattara takardu tun kafin ganawa

A haɗa takardar aure, takardar saki ko duk wata takardar kotu da aka riga aka karɓa, takardun haihuwar yara, sakamakon jarrabawarsu, rasidan kuɗin makaranta, katunan asibiti da na rigakafi, da shaidar abin da ake samu a wata. A yi kwafin kowacce a ajiye na asali a wurin da ɗaya ɓangaren ba zai kai gare su ba. Idan an riga an karɓi sammaci, a duba ranar da aka rubuta a jiki da ranar da aka karɓe shi, domin lokacin amsawa ya riga ya fara gudu, kuma rashin amsawa a kan kari na iya sa a yanke hukunci a bayan idon mutum.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani, wanda kuma mutane suka fi rainawa, shi ne ɗan littafin rubutu na yau da kullum. A rubuta kwanan wata da abin da ya faru ba tare da zagi ko sharhi ba: ranar kaza ƙaramar ta kwana da zazzaɓi, an kai ta asibiti ƙarfe shida na safe, an sanar da mahaifinta ta waya ƙarfe bakwai, ranar kaza an yi alkawarin dawo da yara la'asar, ba a dawo da su ba sai washegari. Layi biyu irin wannan sun fi shafi goma na ƙorafi nauyi a hannun lauya. A guji buɗe wayar tsohon miji ko tsohuwar mata a ɓoye, ko naɗar maganarsu ba da saninsu ba, sai an tambayi lauya, saboda a wurare da yawa hakan laifi ne, kuma yana iya juyowa kan wanda ya yi.

Mataki na huɗu: a samo sunaye, a kuma tantance su

Hanya mafi inganci ita ce a tambayi wanda ya taɓa shiga irin wannan shari'a, a kuma tambaye shi abin da ya wuce ko ya yi nasara: shin lauyan yana amsa waya, shin yana zuwa kotu da kansa, shin kuɗin da ya faɗa da farko shi ne aka biya a ƙarshe? Lauyan da aka sani a wani fanni, kamar na filaye ko na kasuwanci, shi ma yakan san abokan aikinsa da suka yi suna a shari'ar iyali, kuma ya fi kyau a nemi ya nuna wani maimakon a ɗora masa aikin da ba nasa ba don kawai akwai sanayya. Ƙungiyoyin lauyoyi suna da jerin mambobinsu, wasu ma suna rarrabe su bisa fannoni. Tallan intanet da yabon da ake rubutawa a ƙarƙashinsa suna iya ba da suna, amma ba sa isa hujjar ƙwarewa.

Wanda ba shi da halin biya kada ya ɗauka ƙofa ta rufe. Ƙasashe da yawa suna da hukumar ba da agajin shari'a ga marasa ƙarfi, kamar wadda Najeriya ta kafa a 1976, ko da yake kowace hukuma tana da sharuɗɗanta game da irin ƙarar da take ɗauka da iyakar abin da mai nema ke samu. Ƙungiyar mata lauyoyi ta duniya, FIDA, wadda aka kafa a 1944, tana da rassa a ƙasashen Afirka da dama da ke taimaka wa mata da yara kyauta, sannan tsangayoyin koyar da aikin lauya na jami'o'i sukan buɗe ofisoshin ba da shawara a ƙarƙashin kulawar malamansu.

Idan aka samu sunaye uku ko huɗu, a tabbatar kowannensu lauya ne na gaske mai izinin aiki a inda kotun take. Hukumar da ke rajistar lauyoyi ko ƙungiyarsu za ta iya tabbatar da haka, a wasu ƙasashen ma har da bayanin ko an taɓa ladabtar da shi. A harabar kotuna akan samu masu kai-komo da ke cewa sun san alƙali ko rajistara, suna neman a ba su wani abu su daidaita magana. Wanda ya bi su yakan rasa kuɗinsa, wani lokaci ma ya jefa kansa cikin laifin da ya fi wanda ya kawo shi.

Mataki na biyar: ganawar farko

A nan ne ake gane na ƙwarai, don haka ya kamata a gana da aƙalla biyu kafin a yanke shawara. Tun wajen neman lokaci a tambayi ko ganawar ta kuɗi ce, a kuma faɗi sunan ɗaya ɓangaren, domin idan lauyan ya taɓa yi masa aiki ko ya taɓa ba shi shawara a kan wannan magana, ƙa'idar aikinsa ta hana shi karɓar ƙarar. Saboda wannan dalili ne bai dace miji da mata masu jayayya su yi tarayya a lauya ɗaya ba, ko da suna ganin hakan zai rage kashe kuɗi.

A ɗauka wata uwa ta zauna a gaban lauya, ta ajiye jakar takardunta a kan tebur, ta fara ba da labarin shekara goma na zaman haƙuri. Lauya nagari zai bar ta ta sauke abin da ke ranta na ɗan lokaci, sannan ya jawo takarda ya fara tambaya: wa ke shirya su zuwa makaranta da safe, wa malaminsu ya sani, ɗaki nawa ne a inda take zaune yanzu, wa zai zauna da su idan ta tafi aiki, yaya nisan makarantarsu daga sabon wurin? Daga nan sai ya ajiye alƙalami ya ce, "To, me shi zai faɗa a kanki wanda ba za ki so alƙali ya ji ba?" Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce alamar wanda ya san aikinsa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan akwai wata rashin lafiya, ko tsohuwar matsala da 'yan sanda, ko ranar da aka ɗaga hannu a kan yaro, ko shirin sake aure, a faɗa masa tun yanzu. Abin da aka gaya wa lauya don neman shawara sirri ne da doka ta kare, kuma ya fi sauƙi ya shirya wa rauni a ofishinsa da ya fara jin sa daga bakin lauyan ɗaya ɓangaren a tsakiyar kotu. Idan an zo da ɗan rakiya, yana da kyau ya jira a waje lokacin da za a yi irin wannan magana, domin a wasu dokoki zaman mutum na uku yana raunana kariyar sirrin.

Shi ma mai neman lauya yana da tambayoyinsa. Kashi nawa na aikin ofishin ne shari'ar iyali? Sau nawa lauyan ya tsaya a wannan kotu a kan riƙon yara? Shi ne zai riƙa zuwa zaman kotu ko wani ƙaramin lauya zai tura, idan kuwa haka ne za a iya ganin wannan ƙaramin? Ta wace hanya za a riƙa samun labari, kuma cikin kwana nawa ake mayar da amsa? Ina ƙarfin ƙarar yake, ina rauninta? Yaya kotun take jin ta bakin yara, a ofishin alƙali ne ko ta hannun jami'in jin daɗin jama'a?

Amsoshi biyu ne ya kamata su sa mutum ya tattara takardunsa ya yi sallama. Na farko shi ne alkawarin nasara, domin hukunci a hannun alƙali yake kuma babu lauyan gaskiya da zai rantse a kan abin da ba nasa ba. Na biyu shi ne zuga, wato wanda ya fara cewa za a koya wa ɗaya ɓangaren hankali, ko ya ba da shawarar a ɓoye yara, a hana ziyara ba tare da umarnin kotu ba, ko a ƙara gishiri a zargi. A ganina wannan na biyu ya fi haɗari, saboda maganarsa tana da daɗi a kunnen wanda zuciyarsa ke tafasa. Amma kotuna da yawa suna lura da wanene cikin iyayen ya fi shirin barin yaro ya ci gaba da hulɗa da ɗayan, kuma zargin da aka kasa tabbatarwa yakan zubar da ƙimar sauran maganganun mai shi, har da na gaskiya.

Mataki na shida: maganar kuɗi a rubuce

Lauyoyi suna caji ta hanyoyi daban-daban: wasu bisa awannin da suka yi aiki, wasu dunƙulallen kuɗi na dukan ƙarar, wasu kuma bisa kowane zuwa kotu, kuma galibi akan nemi kafin alƙalami. Ko wace hanya ce, a sa ta a takarda kowa ya sa hannu. Takardar ta fayyace ko kuɗin ya haɗa da na shigar da ƙara, na kai sammaci, na sufuri da na rahoton ƙwararru, da abin da zai faru idan aka ɗage zama ba da laifin kowa ba, da ko ɗaukaka ƙara tana ciki, da abin da za a mayar idan aka sasanta da wuri ko aka raba gari da lauyan. A karɓi rasidi a kan duk abin da aka biya. Mafi tsada ba lallai ne ya fi iyawa ba, amma wanda kuɗinsa ya yi araha fiye da kima sau da yawa ƙararraki ne suka yi masa yawa, sai ya riƙa neman ɗage zama, alhali wata shida a rayuwar yaro ɗan shekara uku ba ƙaramin lokaci ba ne.

Mataki na bakwai: aiki tare da lauyan

Abu na farko da za a tattauna bayan sa hannu shi ne tsarin wucin gadi, wato inda yara za su zauna kafin a gama shari'a. Mutane sukan ɗauke shi da wasa, amma alƙalai ba sa son tumɓuke yaro daga inda ya riga ya saba, don haka abin da aka fara a matsayin na ɗan lokaci yakan zama shi ne na dindindin. Kada a bar gida a bar yara, ko a kwashe su zuwa wani gari, sai an ji ta bakin lauya. Inda ake fargabar duka ko cin zarafi ne kaɗai maganar ta sauya: a nan tsira da rai ke gaba, a kai rahoto ga hukuma, a je asibiti a samu takarda, sannan lauya ya nemi umarnin kariya na gaggawa.

Sai maganar sulhu. Lauya nagari ba ya gudun ta, kuma a Ingila tun 2014 doka ta wajabta wa mai son shigar da irin wannan ƙara ya fara halartar zaman bayani kan sasanci, sai dai inda akwai cin zarafi ko wani uzuri da doka ta amince da shi. Iyaye sun fi alƙali sanin lokacin barcin ɗansu da ranar da yake tsoron jarrabawa, don haka tsarin da suka tsara da kansu yakan fi dacewa da shi. Sai dai duk abin da aka cimma, ko a gaban dattawa ne ko mai shiga tsakani, a bar lauya ya karanta kafin a sa hannu, a kuma kai shi kotu ta mai da shi hukunci, domin yarjejeniyar baka ba ta da wanda zai tilasta ta ranar da aka saɓa.

A tsawon shari'ar, a ɗauka duk saƙon da aka tura ta WhatsApp da duk abin da aka wallafa a Facebook wata rana za a karanta shi a gaban alƙali. Kada kuma a goge tsofaffin saƙonni ba tare da shawara ba, don ana iya fassara hakan da ɓatar da hujja. Kada a koya wa yaro abin da zai faɗa. Masu tattaunawa da yara sun saba gane maganar babba a bakin ƙarami.

Idan akwai yiwuwar a fitar da yaro zuwa wata ƙasa, a gaya wa lauya tun ranar farko domin ya nemi umarnin hana tafiya ko ajiye fasfo. Yarjejeniyar Heg ta 1980 ta tanadi hanyar mayar da yaron da bai kai shekara 16 ba zuwa ƙasar da ya saba zama idan aka ɗauke shi ba bisa ƙa'ida ba, kuma neman ya fi ƙarfi idan an shigar da shi kafin shekara guda ta cika. Amma tana aiki ne tsakanin ƙasashen da suka shiga cikinta kaɗai, kuma ba kowace ƙasa ce ta shiga ba, shi ya sa irin wannan ƙara take buƙatar lauyan da ya taɓa yin ta.

Idan tafiya ta ƙi daɗi, kamar lauya ya daina amsa kira, ko ya yi ta fashin zaman kotu, ko ya amince da wani abu ba da izini ba, mutum yana da ikon sauya shi. A fara samun sabon kafin a sallami tsohon, a sanar da shi a rubuce, a nemi fayil da lissafin kuɗi, kuma a guji yin haka ana saura kwana kaɗan a shiga muhimmin zama.

Ranar da aka yanke hukunci, a nemi lauya ya karɓo kwafin da kotu ta buga wa hatimi, ya kuma bi shi layi-layi yana bayani: ranakun ziyara, wurin miƙa yara da karɓarsu, lokutan hutu, da ranar biyan kuɗin ciyarwa. A tambaye shi wa'adin ɗaukaka ƙara a ranar, domin gajere ne kuma yana farawa daga ranar hukunci a mafi yawan wurare. Hukuncin riƙo ana iya komawa kotu a nemi sauya shi idan yanayi ya canja sosai, kamar ƙaura ko rashin lafiya ko sabon aure, amma kafin kotu ta sauya shi wajibi ne a bi shi yadda yake. A kai wa makarantar yaran kwafi guda domin su san wanda aka yarda ya ɗauke su idan an tashi.